Hattara da masu tallar maganin "nano" na fesa wa ginin dutse

Akwai masu zuwa da jarka suna cewa maganinsu na nano ne, wato mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, fesawa ɗaya ruwa ba zai ƙara shiga bango ba, kuma bangon zai riƙa wanke kansa har abada. Sai su zuba ruwa a kan guntun dutsen da suka fesa wa maganin, ruwan ya dunƙule ya gangare. Wannan ba hujja ba ce, kakin kyandir ma yana yin haka.

Maganin ƙwarai, irin mai ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) a cikin ruwan silikon, ratsa ramukan dutse yake yi, ya hana ruwan sama shiga amma ya bar tururi ya fita. Na jabu sau da yawa fentin roba ne marar launi da aka tsinka, yana toshe fuskar dutsen gaba ɗaya. Nan ɓarnar take. Danshin da ke tasowa daga ƙasa ɗauke da gishiri sai ya rasa mafita, gishirin ya taru ya daskare a bayan fentin, har fuskar dutsen ta fara ɓarewa falle-falle. Abin da ya ɓare ba ya komawa, shi ya sa ko maganin ƙwarai ba a fesa shi a bangon da danshi ke cinsa daga ƙasa.

Batun bango ya wanke kansa kuwa, idan da sinadarin titaniyom ne, sai da hasken rana yake aiki. Bangon inuwa ba zai amfana sosai ba.

Kafin ku biya, ku ɗiga maganin a kan gilashi ya bushe. In ya bar fata mai ɓantaruwa, ku mayar wa mai tallar. Ku nemi takardar sinadaran da sakamakon gwaji bisa ma'aunin Turai EN 16581 na gwada magungunan hana ruwa shiga dutse, musamman adadin tururin da ke wucewa. Sannan a gwada a murabba'in mita 1 a ɓoyayyen wuri, a jira makonni a ga ko launi ya yi duhu ko ya fara sheƙi. A dutsen farar ƙasa da marmara a ƙara lura, domin silikon ba ya kama su kamar yadda yake kama dutsen yashi.

Kada kowa ya fesa ba abin rufe hanci mai tace sinadari. A 2006 a Jamus an janye wani feshi mai suna Magic Nano bayan sama da mutum 100 sun kamu da matsalar numfashi, kuma bincike ya nuna babu ƙwayoyin nano a cikinsa.