Rediyo mai cajin rana daga Babbar Kasuwar Yamai

Wannan ƙaramar rediyo ƙirar China da ake sayarwa a Babbar Kasuwar Yamai ta cancanci kuɗinta, musamman ga mai son bin rigingimun manyan ƙasashe ba tare da dogaro da bakin gidan rediyo ɗaya ba. Tana caji da hasken rana, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta hana sauraro.

Babbar fa'idarta ita ce gajeren zango. Tun da aka dakatar da gidan rediyon Faransa RFI a FM a Nijar a 2023, ta nan nake kwatanta yadda tashoshi dabam-dabam ke ba da labarin yaƙin Ukraine, wanda ya tsadar da alkama da takin zamani har a kasuwanninmu, da yadda Amurka da Rasha ke hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙuduri ya mutu alhali ana kashe bayin Allah. Abin yana ci mini rai, domin Nijar ta zauna a kwamitin a 2020 da 2021 ba tare da wannan iko ba.

Aibinta shi ne eriyar ba ta da ƙwari, kuma da rana muryar takan shaƙe, sai bayan magariba take fitowa tangaram.