Lesin ɗin kemistiri na Kawo: ya buɗe min ido, amma da sauran magana

Masu karatun kemistiri a Kaduna sun san lesin ɗin nan na Asabar da Lahadi a Kawo, sun san kuɗinsa, ba sai na faɗa ba. Ni kinetiks ne ya kai ni, wato darasin saurin sauyawar sinadarai, bayan ya kayar da ni a gwaji har sau biyu.

Ranar farko Malam ya rubuta tambaya a allo. Sinadari ne fas-oda, wato irin wanda saurin ƙarewarsa ke bin yawan abin da ya saura, ya sauko daga 0.80 zuwa 0.20 cikin minti 40. A nemo k, wato lambar da ke nuna saurin ƙarewarsa, a nemo lokacin da yake ɗauka kafin ya koma rabi. Ƙa'idar kam na haddace ta kamar karatun allo: a raba yawan farko da na yanzu, a latsa madannin ln a kalkuleta, ln ɗin abin da ya fito shi ne k sau t, wato lokaci. Na danna kalkuleta, k ya ba ni 0.015, na raba 0.693 da shi don samun lokacin komawa rabi, sai ga minti 46. Har da ɗaga hannu ina taƙama.

Ko kallon kalkuletar Malam bai yi ba. Ya ce, "Ƙanena, rabin 0.80 nawa ne?" Na ce 0.40. "Rabinsa fa?" Na ce 0.20. "To abin da ya rabu sau biyu a minti 40, ta ina 46 ta shigo?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Minti 20 ne, ko yaron firamare zai gani.

Ashe tun farkon zango madannin log nake latsawa a maimakon ln, na ɗauka duk kanwar ja ce. Shi log tushensa 10, ln kuwa tushensa e, wajen 2.718. Log na 4 shi ne 0.602, ln na 4 kuma 1.386, sai ka ninka na farko sau 2.303 kafin ka sami na biyu. Dalilin da tsofaffin littattafai ke rubuta 2.303 a gaban log ke nan, tun zamanin da ake duba teburin log a littafi. Ainihin k ɗin 0.0347 ne a minti. Kai, ita kanta 0.693 da nake haddacewa ln na 2 ce, a ranar na sani! Malam ya ce da lissafin nan ake gane shekarun tsohon ƙashi ta kabon-14, mai komawa rabi duk bayan shekara 5730.

Da a daren nan na rubuta sharhi, da yabo ne zalla. Amma fa mutumin nan ba ya cika alkawari. Sau biyu ina biyan kuɗin keke tun daga Tudun Wada, in tarar da ƙofa a kulle, sai daga baya saƙo ya shigo WhatsApp wai uzuri ya taso. An ce kuɗin ya haɗa da sekan-oda da lissafin Arrhenius, wato darussan gaba a kinetiks, ƙarshe hotunan takarda ya turo mana, dishi-dishi, ba ka bambance ln da 1n. Ɗakin kuma in an ɗauke wuta sai ka ce gidan burodi.

Ƙanwata ta tambaye ni ko ta yi rajista. Na ce ta je, amma ta biya na mako-mako, kuma ta kira shi kafin ta tari keke.