'Yar mitar da ta hana ni sayen batir na uku

Wata uku ke nan da na sayi 'yar mitar awon wuta samfurin DT830B, irin wadda masu gyaran rediyo ke riƙewa. Ni ba makaniki ba ne, lodi nake yi a Yawuri da jirgi mai inji doki 40, na kik, wato mai tashi da batir. Batir biyu na canza a damina ɗaya. Kowanne sai ya yi 'yan kwanaki ya kwanta, in koma jan igiya fasinjoji na kallona.

Wani dattijo mai gyaran inji a bakin ruwa ne ya ce min, "Yaro, kafin ka sake zagin mai batir, auna ka gani."

Na murɗa mitar zuwa bolt 20 a ɓangaren DC, wato irin wutar batir, na ɗora a kan batir bayan an yi masa caji a gari: 12.6, lafiya lau. Na tayar da inji na ba shi wuta. Kamata ya yi lamba ta haura 13.5, amma ko gezau. Ashe duk wannan lokaci batir ciyar da inji yake yi, ba a mayar masa da komai.

Na kankare koren dattin da ya cinye kan batir, na ɗaure noti, na duba fiyus. Shiru. Sai na zare wayoyin koyil ɗin caji da ke fitowa daga ƙarƙashin fulawil, faifan nan mai juyawa a saman inji, na koma ɓangaren AC, irin wutar da koyil ke fitarwa. Wuta na zuwa, tana ƙaruwa in na ƙara totur. Saura rektifaya, wadda ke juya wutar zuwa irin da batir ke sha. A awon dayod, wanda ke duba ko wuta na wucewa ta hanya ɗaya kawai, kamata ya yi mita ta nuna lamba ta gefe ɗaya, in an juya wayoyi ta toshe. Rektifayata ta ko'ina a toshe. Kuma laifina ne: na saba zare kan batir inji na aiki, wai in ga ko yana caji. Wannan ɗabi'a ke ƙona ta. Na sa sabuwa, mita ta nuna 14.1.

Mitar tana da nata aibin. Awon om na koyil, wato yadda wayarsa ke tare wuta, bai kai 1 ba, ita kuwa ko bakunan wayoyinta ka haɗa sai ta nuna wani abu, dole ka riƙa ɗebewa. Wayoyin sirara ne, jar ta tsinke a gindi cikin sati biyu, sai da na liƙe ta da dalma. Ba ta kashe kanta. Na manta ta a kunne dare ɗaya, batirinta mai bolt 9 ya yi sanyi, washegari ta dinga ƙara lamba, har na tsorata na zaci caji ya wuce kima.

Ruwa kuwa ba ta shiri da shi ko kaɗan. A cikin robar man shafawa mai murfi nake ajiye ta, ƙarƙashin bencin baya.