Wata takwas bayan an ƙara wa injin turbon motata ƙarfi

Motata mai injin fetur ce, lita 2, silinda huɗu, da turbo, giyarta kuma ta hannu. Wata takwas ke nan da na kai ta aka sauya lissafin kwamfutar inji domin ta ƙara ƙarfi, abin da masu sana'ar ke kira mataki na ɗaya: ba a kwance ƙarfe ko guda, manhaja kawai ake taɓawa. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, saboda a makon farko kowa yabo yake yi. Sai mota ta sha rana da doguwar hanya sannan ake sanin ingancin aiki.

Ranar farko mai gyaran bai ƙara mini komai ba. Ya cire fulogai huɗun ya jera su a kan tsumma, ya auna matsin kowace silinda, sannan ya toshe bakin bututun iska ya hura iska ciki, ya bi mahaɗai yana fesa ruwan sabulu. Can kusa da intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, sai ga kumfa tana tasowa daga wata tsaga da ba ta kai tsawon farce ba. Ya ce, "Malam, in na ƙara matsi a kan wannan, turbonka zai ta wahalar da kansa yana cike abin da ke zurarewa." Aka sauya tiyon, aka sa sababbin fulogai masu jure zafi aka ɗan matse tazararsu, aka juye baƙin mai. A ganina wannan ranar ta fi ranar ƙarin ƙarfin muhimmanci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Turbo, wanda injiniya ɗan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista tun 1905, hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya shi, shi kuma ya cusa iska cikin silinda. A ƙananan motoci yakan zarce juyi 150,000 a minti guda. Iskar da muke shaƙa matsinta kusan bar 1 ne (bar ma'aunin matsi ne), to in turbo ya ƙara bar 1 a kai, inji na samun kusan ninki biyu na iska. Iska mai yawa tana neman mai mai yawa, kuma duk iskar da aka matse zafi take yi. Idan zafi da matsi suka wuce abin da fetur zai jure, wani sashe na cakuɗen sai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, kuma ita ke cin fistin har inji ya buga.

Rana ta biyu aka ɗora motar a kan daino, wato na'urar auna ƙarfin mota, tayoyin gaba bisa manyan nadi, aka ɗaure ta da igiyoyi, ga ƙatuwar fanka tana hura mata iska a hanci. Ya jona kwamfutarsa ta kafar OBD, wato mashigar kwamfutar mota da ke ƙasan sitiyari, ya fara adana asalin manhajar kamfani, ya ba ni kwafi. Daga nan ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, bayan kowane gwaji ya zauna yana karanta layukan da kwamfutarsa ta zana: matsin turbo, zafin iskar da ke shiga, lokacin tashin wuta, da ma'aunin iska da mai. A tafiya ta yau da kullum injin fetur na aiki da iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, amma in an taka totur har ƙasa, dole a ƙara mai, ma'aunin ya sauko wajen 12 ko ƙasa da haka, domin rarar man ce ke sanyaya cikin silinda.

A gwaji na biyar ya nuna mini wani layi da ya ɗan nutse. Kwamfutar motar ta ji alamar ƙwanƙwasa a silinda ta uku, ta jinkirta wuta da kanta. Ni kunnena bai ji komai ba. Nan take ya rage matsin, ya koma ƙasa da inda muka kai. Na roƙe shi ya bar lambar da ta fi girma, ya ƙi. Ya ce a rumfa mai fanka ne ta yi haka, ina ga ranar zafi, mota cike da mutane, ga hawan tudu? Raina bai so ba a lokacin, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Muka tashi da ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma yanzu wannan ƙin da ya yi shi ne babban dalilin da ya sa na yarda da shi.

A kan hanya, bambancin da na fi ji a tsakiyar juyin inji yake. Wuce babbar mota a giya ta huɗu ya zama abu mai sauƙi, ba sai na sauko ta uku ba, kuma lokacin da nake ɗauka a hannun masu tahowa ya ragu sosai. Shan mai bai canza ba in na tafi a hankali. In na matsa mata kuwa, tana sha ƙwarai.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma ya ɓata mini rai. A wata na uku, ina giya ta biyar na taka, sai allurar juyi ta haura amma gudun motar bai ƙaru ba, ga wari kamar na ƙonannen fata. Kuloci ne ya fara zamewa. Tsohon kuloci ba zai riƙe sabon ƙarfin murɗawa ba, kuma wanda ya iya gano tsaga da ruwan sabulu ya kamata ya gargaɗe ni tun farko. Bai yi ba. Haka kuma sai da ni na tambaya kafin ya ce irin wannan aiki na iya soke garantin kamfani a kan inji da giya, kuma wajibi ne a sanar da masu inshora.

Motar ta kuma sauya mini ɗabi'a. An daidaita ta a kan fetur mai yawan oktan, wato mai jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba, don haka ranar da ban samu irinsa ba, a hankali nake tafiya. Ba na matsa mata sai baƙin mai ya yi zafi. Ba na taka totur har ƙasa a babbar giya alhali juyin inji na ƙasa, domin a nan ne ƙananan injina masu turbo suka fi fuskantar tashin wuta kafin lokaci. Bayan gudu mai nisa ina barin ta minti ɗaya ko biyu tana aiki kafin in kashe, mai ya zagaya ya sanyaya turbo. Baƙin mai kuma ina juye shi kafin wa'adin da littafin mota ya faɗa.

Wanda injinsa ke da lafiya, zan ce ya yi, amma a wurin mai auna motarsa ita kanta, ba mai loda manhaja ɗaya ga kowa cikin minti goma ba. Ya tambayi maganar kuloci, burki da taya kafin a fara. Makon jiya na koma aka sake karanta layukan, silinda ta uku lafiya lau, fulogai sun fito da launin toka-toka mai tsabta. Ya yi mini tayin mataki na biyu, na ce sai na sa babbar intakula tukuna.