NCHC ko Big Ten a hasashen kofin hokin jami'o'in Amurka

Ɗan'uwa, tunda tsakanin rukunin NCHC da na Big Ten, wato rukunoni biyu na ƙungiyoyin hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka, kake ruwan ido wajen cike hasashenka na wanda zai ɗauki kofin ƙasa, ɗauki NCHC ka huta.

Daga 2016 zuwa 2025 sau 9 aka buga kofin, don korona ta hana na 2020. NCHC ta kwashe 7: North Dakota a 2016, Denver a 2017 da 2022 da 2024, Minnesota Duluth a 2018 da 2019, sai Western Michigan a 2025. Biyun da suka rage UMass da Quinnipiac ne suka ɗauka, kuma babu 'yar Big Ten a cikinsu.

Ƙungiyoyi 16 ke shiga, sili ɗaya ƙwale, wasa huɗu za ka ci ka ɗaga kofi. A irin wannan tsari wanda ya iya riƙe ci ɗaya shi ke kai labari. Dubi Denver ta 2024: 2 da 1, 2 da 1, 2 da 1, biyu daga ciki sai da aka je ƙarin lokaci, sannan ta doke Boston College 2 da nema a wasan ƙarshe. Golansu Matt Davis ya tare hari 35 a daren, 'yan Boston sun yi ta ɓarin wuta a kashi na uku na wasan amma raga ta ƙi motsi. Ta Duluth a 2018 ma ta fi daɗi. Da kyar ta samu gurbin shiga gasar, ta iske 'yan Big Ten uku a cikin huɗun ƙarshe, ta fitar da Ohio State 2 da 1, ta bi Notre Dame da 2 da 1.

Big Ten kuwa, a ba su nasu, sun iya zura ƙwallo. A zagayen farko na 2023 Michigan ta yi wa Colgate 11 da 1, Minnesota (ba ta Duluth ba) ta yi wa Canisius 9 da 2. Ƙarshenta Quinnipiac ce ta kwantar da Minnesota daƙiƙa 10 da fara ƙarin lokaci. Tun da aka kafa rukunin a 2013 har zuwa 2025 bai ɗauki kofi ba. A hasashenka ka kai su zagaye na biyu ko na kusa da ƙarshe, daga nan ka sauke su.

In 'yan NCHC biyu suka haɗu, duba kason harin da gola ya tare a watan Fabrairu da Maris, da yadda ƙungiyar ke tsayuwa idan an fitar mata da ɗan wasa na minti biyu saboda laifi.

Ka kuma yi hattara da masu tallar "tabbataccen sakamako" a WhatsApp da Telegram. Rabin mutane suke aika wa suna ɗaya, rabi ɗayan, sai su nuna hoton wanda ya dace. Alƙaluman nan kyauta suke a shafin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kada ka ba kowa ko sisi.