ElfQuest mai sa hannu a kwanson CGC: inda kuɗin ya biya da inda bai biya ba

Aikin kamfanin CGC, mai tantance ingancin kayan da ake tarawa, a fagen mujallun zane guda ɗaya ne. Ka aika musu da mujallarka, ƙwararrunsu su bi ta shafi-shafi, su ba ta maki tsakanin 0.5 da 10.0, sannan su rufe ta a kwanson roba mai tauri wanda ba ya buɗuwa sai an fasa shi. Kamfanin ya fara wannan aiki a 2000, mazauninsa na Sarasota a jihar Florida ta Amurka. Ni mai tara ElfQuest ne, kuma a kanta kaɗai zan auna su, don ita na sani ciki da waje.

Wendy da Richard Pini, mata da miji, su suka ƙirƙiri ElfQuest, labarin Cutter da danginsa masu dogayen kunnuwa da ke hawan kyarkeci, waɗanda gobara ta raba da dajinsu. Ta fara fitowa a 1978 a cikin wata mujalla mai suna Fantasy Quarterly, wadda daga fitowar farko ba ta sake leƙo kasuwa ba. Maimakon su haƙura, sai ma'auratan suka kafa nasu kamfanin, WaRP Graphics, suka ci gaba da bugawa da kansu, baƙi da fari, har labarin asali ya kammala a fitowa ta 20 a 1984. Da mujallar ta karɓu, sai aka riƙa sake buga fitowar baya, da zanen bango iri ɗaya. Sau da yawa farashin da ke jikin bangon ne da ɗan rubutun ciki ke raba bugu na farko da na uku.

A nan CGC ta fi yi mini amfani. Takardar da ke saman kwanson tana faɗin ko bugu na nawa ne, tana kuma faɗin launin shafukan, ko fari tas ne ko ya soma ja. Masu sayarwa a intanet sukan rubuta "1978, bugun asali" a kan abin da aka buga shekaru bayan haka, wasu da gangan, wasu don ba su sani ba. Wani ya taɓa turo mini hoton da aka yanke daidai kusurwar da farashin yake, da na nemi cikakken hoto sai ya yi shiru. Da kwanso babu wannan jayayyar. Kowane yana da lambarsa, ka shigar da ita a shafin kamfanin ka ga ko bayanin ya dace da abin da ake nuna maka.

Sai batun sa hannu, wanda shi ne ainihin abin da ya ja ni. Launin takardar saman kwanson magana ce: shuɗiya ta mujallar da ba a yi wa gyara ba, shunayya ta wadda aka yi wa gyara, rawaya kuwa, wadda suke kira Signature Series, tana nufin wakilin da kamfanin ya amince da shi yana tsaye lokacin da aka sa hannun, kuma daga nan mujallar ba ta koma hannun mai ita ba sai da aka rufe ta. A kan takardar za ka ga sunan wanda ya sa hannu da ranar da ya sa.

Tawa fitowa ta 2 ce, ta farko da WaRP ta buga, a rufe na saye ta da takarda rawaya. Sa hannun Wendy na ƙasa ta hagu da baƙar tawada, harafin farko ya yi doguwar wutsiya kamar yadda take jan gashin mutanenta a zane. Na Richard ƙarami ne, a tsuke, gefe guda. Makinta 8.5. Idan ka karkata kwanson wajen haske za ka ga ƙananan karyewa biyu a gadon bayanta kusa da fil ɗin sama, da kusurwa ɗaya da ta ɗan dakushe. Na duba, na yarda da makin. Ba su yi mini rowa ba, ba su kuma yi wa wanda ya sayar mini kara ba.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar tsofaffin sa hannu. Ma'auratan nan sun shafe shekaru suna sa hannu a tarukan masoya tun kafin a san da CGC. Irin waɗannan, da yake babu wakili a wurin, takarda koriya suke samu, a rubuta cewa an rubuta suna a bango, kamar dai wani yaro ne ya yi wasa da biro. A wurina sa hannun da aka yi a 1981 ga yarinyar da ta bi layi da mujallarta ya fi wanda aka yi jiya a kan tarin kwafi ɗari daraja. Lamarin ya ɗan sassauta a 2024, da kamfanin ya haɗe da JSA masu tantance sa hannu, aka fito da takarda ta daban don irin wanda ba a shaida ba amma aka tabbatar da ingancinsa. Kamfanin CBCS, mai irin aikin CGC, da aka kafa a 2014, ya riga su buɗe wannan ƙofa.

Ban ga dalilin farautar makin 9.8 a wannan mujalla ba. Masu karatu ne suka saye ta, suka karanta, suka ba abokai aro, shi ya sa ta rayu ba tare da babban kamfani a bayanta ba. Kwafin da ya kai 9.8 kwafi ne da ba wanda ya buɗe. Ga kuɗin duba, wanda ya danganta da shekarar mujallar da darajarta, ga na sa hannu, ga na aikawa da inshora, ga na guga in kana son a miƙe lanƙwasa kafin a ba da maki. A fitowar tsakiya da aka buga da yawa, kuɗin nan kan zarce abin da mujallar za ta kawo ko da ka sayar.

Kwanson ma yana da nasa nauyin. ElfQuest ta WaRP ta fi mujallun zane na yau da kullum faɗi, don haka babban kwanso take shiga, wanda ba ya zama a akwatin da aka saba ajiye sauran. Ba ya kuma hana rana cin tawada, kada ka jingina shi kusa da taga. Mafi zafi, ya rufe maka ciki. Ƙarfin Wendy a cikin shafukan yake, a yadda take zana ido da motsin jiki da baƙar tawada zalla, ga shafin wasiƙun masu karatu na wancan zamani. Gaskiya ne ana iya karanta labarin kyauta a shafin ElfQuest na intanet, amma ba daidai yake da juya takardar ba.

Don haka biyu kawai nake ganin sun cancanci rufewa: Fantasy Quarterly ta 1978, da fitowar farko-farko bugu na farko in tana da sa hannu. Sauran nawa suna cikin leda da kwali a bayansu, ina ciro su duk lokacin da na so. Fitowa ta 20 ma da na samu da sa hannun su biyun a shafin ciki, ba zan aika da ita ba, don in aka rufe ta sa hannun ya ɓuya ke nan.