Google Arts & Culture a aji: yawon buɗe ido ba tare da mota ba

Google ya buɗe wannan dandali a 2011 da sunan Art Project, da gidajen tarihi 17 kacal. Yau cibiyoyin da ke cikinsa sun haura 2,000, kuma tun da aka rufe Expeditions, manhajar Google ta kai ɗalibai ziyara ta waya, a Yunin 2021, yawancin ziyarce-ziyarcenta nan aka kwaso su. Kyauta ne, yana buɗuwa a waya da kwamfuta.

Ƙarfinsa yana wurin hoto. Ɗalibi zai zagaya dalar Giza a Masar, ya bi tsagin dutsen Petra a Jodan, ko ya kutsa ɗakunan British Museum a Landan, yana juya kallo duk inda ya so. Wasu zane-zanen kuwa, ana zuƙo su har a ga sawun buroshi, abin da ko wanda ya je da ƙafarsa ba a barinsa ya matso ya gani.

Sai dai dandalin ba ya koyarwa. Malamin da ya saki yara a ciki haka kawai, cikin minti biyar zai tarar kowa ya kama gabansa. Dole ka riga su bin hanyar tun daren jiya, ka zaɓi zango uku ko huɗu, ka buɗe kowanne a shafinsa kafin a shiga aji. Kowane zango tambaya ɗaya, minti biyar, a rubuta amsa kafin a wuce. Wannan bin hanyar yana da wani amfani: gidajen tarihin Turai cike suke da gumaka da zanen tsiraici, gara ka san kwanar da ba za ka juya ba.

Matsalar da ta fi yawa ita ce intanet. Duk taku ɗaya sabon hoto ake saukewa, don haka waya talatin a kan layi ɗaya sai hoto ya dushe ko ya tsaya cak. Kwamfuta ɗaya da majigi, an sauke labule, ta fi su nesa ba kusa ba. A ɗauki hoton allo na kowane zango a ajiye, saboda ranar da sabis ya ɗauke. Idan ka ga zane ɗaya a dushe alhali na gefensa tar yake, ba layinka ba ne, haƙƙin mallaka ne ya sa aka rufe shi.

Tabaran kwali da ake saka waya a ciki yana burge yara, amma yana kawo jiri, domin ido na ganin motsi, jiki kuwa yana zaune. Kada ya wuce minti biyar, kuma a zaune.

Ga tarihi da zane-zane, samun kamarsa a kyauta da wuya. Ga auna nisa da karatun taswira kuwa, Google Earth ya fi shi, tunda yana da ma'auni. Yawancin bayanan da Turanci suke, sai malamin ƙananan azuzuwa ya shirya nasa bayanin da harshen da yaran ke ji.